Ciwon da Aka Ce Kishi Ne

Ƙafar Auta ta tsaya cak a kan keken ɗinki lokacin da farar motar ta kunno kai ƙofar asibiti.

Shagonsu ita da yayarta yana kallon ƙofar ne kai tsaye, titi kawai ya raba su. Fararen riguna suke ɗinka wa likitoci da nas-nas, da korayen kayan tiyata, shi ya sa kusan duk ma'aikacin da ke ciki Auta ta san faɗin kafaɗarsa. A nan ta haɗu da Mai Hoto, wanda ke aiki a ɗakin da ake ɗaukar hoton ciki, ranar da ya kawo rigarsa a rage masa hannu.

Shi ne yanzu ya buɗe gaban motar ya fito yana dariya, har da sunkuyawa ta taga yana ƙara wata magana. Mai tuƙin ta gyara tabarau, ita ma tana murmushi.

"Kar ki karya mini allura," in ji Yaya, ba tare da ta ɗago daga yankan da take yi ba. "In kallo za ki yi, sauke ƙafarki daga keken."

"Dubi yadda yake washe mata baki, Yaya. Ni rabon da ya yi mini irin wannan dariyar har na manta."

"To ke ma sayi mota."

Auta ba ta yi dariya ba. Ciwon da ya saba taso mata ne ya soke ta a gefen mara na dama. Ta dafe wurin, ta cije leɓe.

Maganar aurensu ta daɗe a tsaye, kuma Mama, mahaifiyarsa, ita ce ta tsayar da ita. Ta ce ɗanta bai yi karatu don ya ƙare a shagon tela ba. Tana da 'yar aminiyarta, likitar mata da aka turo asibitin kwanan baya, wadda Auta ba ta taɓa iya kiranta da komai ba sai Mai Tabarau. Da babur ɗinsa ya lalace, Mama ce da bakinta ta roƙi likitar ta riƙa biyowa ta ɗauke shi da safe. An gyara babur tuni, amma motar ba ta daina biyowa ba.

Ciwon kuwa ya fi wata da watanni. Auta ta yanki kati ta ga Babban Likita na ɓangaren mata, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Zuwan farko ko taɓa cikinta bai yi ba. Ya dube ta ta saman takarda ya ce, "Kina da saurayi?" Ta sunkuyar da kai. Ya ce, "Kun yi faɗa ko?" Ya rubuta mata maganin ciwon jiki. Zuwa na ƙarshe cewa ya yi, "Ku 'yan mata komai a ciki kuke ajiye shi. Ki yi aure, zai wuce."

* * *

Da hantsi Mai Hoto ya tsallako titi, hannunsa a aljihun farar rigar da ita ta ɗinka masa. Yaya ta amsa gaisuwarsa ta koma ƙuryar shago, wai za ta yi guga.

"Auta, ba ko gaisuwa?"

"Ai na ga an riga ni gaishe ka."

Ya ja kujera ya zauna, ya sauke ajiyar zuciya. "Don Allah kar mu fara. Na gaya miki Mama ce ta haɗa wannan abin. In na ƙi shiga motar, sai ta ce ke kika zuga ni. Lallaɓa ta nake yi saboda mu."

"Dariyar ma Mama ce ta haɗa? Sunkuyawa ta taga fa, ita ma saboda mu ce?"

"Maganar aiki muke yi."

"Wane aikin ne mai daɗi haka? A koya mini, ni ma in riƙa ba ka dariya. Ita ta iya Turancinku, ta san sunan kowace jijiya. Ni me na sani? Maɓalli da zare. In kun zauna a gidanku ita da Mama, ni ce abin hirarku, na sani."

"Wallahi ba a taɓa..."

Ciwon ya sake murɗa ta, wannan karon har sai da ta duƙa ta kifa goshi a kan keken. Gumi ya tsattsafo mata.

"Cikina," ta ce a hankali. "Don girman Allah ka sa mini na'urar nan taku ka duba. Yau ya fi na kullum. Minti nawa zai ɗauke ka?"

Ya dube ta. Tausayi ne a fuskarsa, amma da gajiya a ciki.

"Kin san ba na ɗaukar hoto sai likita ya rubuta. Oga da kansa ya duba ki ya ce ba komai. So kike in tsallake shi, ni da nake ƙarƙashinsa? Kuma Auta, ki yi mini adalci. Ciwon nan ba ya tashi sai ranar da kika gan ni da ita."

Ta ɗago da jajayen idanu. "Me kake nufi?"

"Ba na ce ƙarya kike ba. Amma kishi ma ciwo ne. Shi ke cin ki."

Hawayen da take riƙewa suka zubo. "Tashi ka tafi."

"Auta..."

"Na ce ka tafi! Kar a neme ka a rasa, a shiga damuwa."

Ya miƙe, ya tsaya jim kamar zai ƙara magana, sai ya juya. Tana kallon bayansa har ya shige ƙofar asibiti.

Ta yunƙura za ta ɗauko ruwa. Amai ne ya taso mata ba shiri, shagon ya juya, ta ji kamar an caka mata almakashi a mara an murɗa. Ƙarar faɗuwarta ce ta fito da Yaya da gudu, dutsen guga a hannu.

"Innalillahi! Auta! Jama'a ku taimaka mini!"

* * *

Yaya da matar da ke sayar da lemo a gefensu ne suka ciccibe ta suka tsallaka titi. A ɗakin gaggawa aka shimfiɗe ta a wani siririn gado, aka ja koren labule. Nas ta ɗaura mata abin awon jini, ta aika a kira likitan ɓangaren mata.

Labulen ya buɗe. Auta ta ga tabarau.

Yaya, wadda ruɗewa ta hana ta gane kowa, ta riƙo hannun mai shigowar. "Sista, don Allah ki kira mana likita, ƙanwata za ta mutu."

"Ni ce likitar, Anti."

"A'a, likita nake nufi, babba, namijin nan..."

"Ni ce a bakin aiki," ta sake faɗa, ba tare da ta ɗaga murya ba. Da gani ta saba amsa wannan tambayar.

Auta ta juyar da kai bango. "Kar ta taɓa ni. Yaya, na fi so in mutu da ta taɓa ni."

Mai Tabarau ta ajiye katin da ke hannunta, ta jawo kujera daidai kan Auta ta zauna.

"Na san ba kya ƙaunar ganina. Ba sai kin kalle ni ba. Ki kalli bangon, ki gaya mini inda yake miki ciwo, da yadda ya fara."

Ba wanda ya taɓa tambayar Auta yadda ya fara. Ta so ta yi shiru, amma azaba ta fi ƙarfin fushinta. Tana kuka tana faɗa: yadda yake zuwa ya tafi, yadda yake tashi in ta daɗe a kan keke ko ta juya da sauri, yadda yau ya zo da amai ya ƙi sakin ta. Likitar ba ta katse ta ba. Da ta gama, ta murza tafukanta suka yi ɗumi, ta danna gefen dama a hankali. Auta ta ƙwalla ƙara.

Fuskar likitar ta canza. "A sa mata ruwa, a ba ta allurar ciwo. Kar ta ci komai, kar ta sha komai. Hoton ciki nake so yanzu."

Daidai nan Babban Likita ya shigo zagaye, ƙananan likitoci maza biyu na biye da shi. Ya leƙa, ya ga Auta, ya yi dariya.

"A'a, telarmu ce! Yau kuma me saurayin ya yi?"

"Ranka ya daɗe, ina zargin jakar ƙwanta ce ta murɗe," in ji Mai Tabarau. "Alamun duk sun nuna. Ina so a yi hoto, a shirya tiyata."

"Tiyata?" Ya juya ga samarin da ke bayansa. "Dakta, kun ji ko? Daga an yi kuka sai wuƙa." Ya dawo gare ta. "Yarinya, na san wannan mara lafiyar kafin ki zo asibitin nan. Kuma duk asibitin nan an san ciwonta. In gaya miki sunansa? Ke ce. Ki daina ɗauko mata saurayi a mota, ki ga in ba ta warke ba."

Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Nas ta sunkuyar da kai. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, ta ga kuma yadda kunnuwan likitar suka yi ja.

"Matsalarku ke nan mata a wannan aikin," ya ci gaba. "Tausayi ya yi muku yawa, kuna ganin hawaye sai karatu ya gudu. A yi mata allura ta huta, a sallame ta. Ɗakin hoto a cike yake da masu ciwon gaske."

Ya wuce gado na gaba.

Mai Tabarau ta bi shi da kallo, hannunta a kan ƙarfen gadon. Sai ta zaro biro ta rubuta takardar hoton, ta sa hannunta.

"Likita, Oga fa ya ce..." nas ta fara.

"Na ji abin da ya ce. Ba ni keken marasa lafiya."

Ba ta jira mai turawa ba. Da kanta ta tura.

* * *

Mai Hoto yana goge na'ura ƙofa ta buɗe. Ya ga wadda ke kan keken, ya ga wadda ke turawa, tsumman ya faɗi daga hannunsa.

"Me ya faru? Auta!"

"Ka ɗora mata na'urar," in ji likitar. "Gefen dama."

Ya karɓi takardar, ya duba sa hannun. "Oga ya sani?"

"Ya ce a sallame ta."

"To kin san halinsa. In ya ji na..."

"Sa hannuna ne a kai, ba naka ba. In za a kori wani, ni za a kora. Ka ɗora ta, ko ka matsa in yi da kaina."

Auta tana jin su. Ko a wannan halin bai fasa tambayar Oga ba.

Aka kwantar da ita, aka rage hasken ɗakin. Ya shafa mata ruwan nan mai sanyi a mara, ya ɗora kan na'urar. Ba ta kalli allon ba, fuskarsa take kallo. Ta ga lokacin da girarsa ta haɗe. Ta ga lokacin da bakinsa ya buɗe.

Likitar ta matso, ta sunkuya ta bayan kafaɗarsa tana nuna allon da ɗan yatsa. Kawunansu suka kusa haɗuwa. Suka shiga magana ƙasa-ƙasa da Turancin aikinsu, ita ta faɗa ya amsa, shi ya fara ta ƙarasa masa. Auta ba ta gane ko kalma ɗaya ba. Cikinta ne, ciwonta ne, amma su biyu ne suka san abin da ke ciki. Wani zafin da ba na mara ba ya taso mata.

"Ku yi mini Hausa," ta ce da ƙyar. "Ni ce dai a kwance."

Likitar ta miƙe nan take ta zagayo gabanta. "Kin yi gaskiya, ki yi haƙuri. Wani ƙullutu ne mai ruwa ya fito a jikin jakar ƙwanki ta dama. Ya girma, nauyinsa ya murɗe jakar, jini ba ya isa gare ta. Sai an buɗe an warware, kuma yanzu."

"Ba kishi ba ne ke nan?"

Ba likitar ta tambaya ba. Mai Hoto ya kasa ɗago kai.

* * *

A barandar da ke zuwa tiyata suka yi kiciɓis da Mama, riƙe da kular abincin da ta saba kawo wa ɗanta da likitar duk tsakar rana. Ta dubi keken, ta dubi ɗanta da ke binsa idanu jajur.

"Lafiya? 'Yata, me ya sami wannan?"

Kafin likitar ta amsa, Yaya da ke waya da mahaifiyarsu tana kuka ta riga ta faɗa wa duk barandar: "Ƙwanta ne, Umma, wai sai an yi aiki, wataƙila ma a cire!"

Mama ta dire kular a kan benci. "A cire? To ka ji. Ka ji abin da nake hango maka tun farko, kana ganin kamar ba na son ka. Kai kaɗai gare ni namiji. Da me za ta cika maka gida?"

"Mama, don Allah ba yanzu ba."

"Sai yaushe? Sai an ɗaura an gama?"

Aka shige da Auta ɗakin shiri, maganar na bin ta har ciki.

Babban Likita ya zo ya ga hoton. Bai ce komai a kan abin da ya faɗa ɗazu ba. Ya ce yana da taro da shugabannin asibiti, ba zai iya fasawa ba. "Ke da kika gano, sai ki yi. In an sami matsala kuma, ke kika sani." Ya fita.

Nas ɗin tiyata ta shigo da takardar amincewa. "Ina mijinta? Ko babanta?"

"Babanmu ya rasu," in ji Yaya. "Kawu nake ta kira, bai ɗaga ba."

"To sai a jira shi."

"Ba za a jira kowa ba," in ji likitar. "Ba yarinya ba ce, kuma tana cikin hankalinta. Jikinta ne, ita za ta sa hannu. Ku ba mu wuri."

Suka rage su biyu. Likitar ta yi mata bayanin aikin dalla-dalla, ta ce za ta yi iya ƙoƙarinta ta ceto jakar, amma in ta tarar ta riga ta mutu, dole a cire. Ta miƙa mata biro.

Auta ba ta karɓa ba.

"Ke za ki yi?"

"Ni zan yi."

"Zan tambaye ki abu ɗaya. Ki ji tsoron Allah ki gaya mini gaskiya. Kina son sa?"

Likitar ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ba tare da shi ba idanunta ƙanana ne, sun gaji.

"Ina son sa."

Auta ta runtse ido, hawaye suka gangara cikin kunnenta. Ta yi zaton za a musa mata, ta shirya faɗa. Gaskiyar ta fi zafi.

"Kin ji abin da Mama ta ce," ta faɗa cikin shessheƙa. "In aka cire, an gama da ni, ya zama naki. Ina barci za ki shiga cikina. Wa zai san abin da kika tarar? Wa zai san abin da kika yanke?"

Auta ta buɗe ido ta dubi likitar. Ita ma kuka take, ba sauti.

"Tun da na zo asibitin nan, aikin da ake ba ni a tiyata shi ne riƙe wa maza ƙarfe suna yanka. Waɗanda na fi maki a makaranta. Mara lafiya ya gan ni ya ce in kira masa likita. Duk na shanye. Amma ba wanda ya taɓa cewa zan cuci mutum a kan tebur, sai ke." Ta share fuska da bayan hannu. "Ina son sa, ban ɓoye miki ba. Bai taɓa ce mini yana sona ba, wannan ma gaskiya ce. Amma ko da aurena da shi yana cikin jakar nan, wallahi sai na yi iya yina in bar miki ita. In ba ki yarda da ni ba, zan je in durƙusa wa Oga ya fito daga taron. Sai dai jakar ba za ta jira shi ba."

Auta ta daɗe tana kallon ta. Ta tsane ta, har yanzu ta tsane ta. Amma duk faɗin asibitin nan, wannan ce kaɗai ta ja kujera ta zauna ta saurare ta.

Ta miƙa hannu ta karɓi biron.

* * *

Rana ta yi sanyi lokacin da ta farfaɗo a ɗakin mata, bakinta a bushe, mararta a ɗaure. Umma na gefe tana jan addu'a, Yaya na yi mata fifita da kati.

Likitar ta zo, hular tiyata ba ta ko cire ba. Ba ta yi kwana-kwana ba.

"Na cire ƙullutun. Jakar dama na warware ta, na jira ko jini zai dawo, bai dawo ba. Ta riga ta yi baƙi. Na kira nas da mai sa barci suka gani da idonsu kafin in cire, za ki iya tambayar su. Ta hagu lafiyarta ƙalau, mahaifarki ma haka. Mace na haihuwa da guda ɗaya, in Allah ya nufa."

"Da an duba ta tun zuwan farko fa?" in ji Yaya.

Likitar ta kalli ƙasa. "Da ƙullutun kawai za a cire."

Umma ta fashe da kuka. Auta ba ta yi ba, kukanta ya ƙare.

Mai Hoto ya shigo kamar wanda aka yi wa duka. Umma da Yaya suka ba su wuri. Ya durƙusa a gefen gadon ya riƙe yatsunta, waɗanda robar ƙarin ruwa ba ta rufe ba.

"Ki yafe mini, Auta. Na'urar tana hannuna kullum, kina tsallaken titi. Ni na yi miki wannan." Hawaye na ɗiga a kan zanen gado. "Na gaya wa Mama, ko da ɗaya ko babu, ke zan aura. Ta yi fushi ta tafi, ta bar kular a benci. Ta yi ta fushin, zan bi ta da haƙuri. Motar ma na daina shiga daga yau."

Zuciyar Auta ta fara sanyi. Wannan maganar ta daɗe tana jira. Ta ɗan matse hannunsa.

Sai ga Babban Likita ya shigo zagayen yamma da tawagarsa, likitar na can baya. Ya tsaya a ƙarshen gadon yana murmushi.

"Telarmu, kin ga yadda muka ceto ki ko? Allah ya taimake ki kin faɗo hannunmu da wuri." Ya juya ga samarin. "Irin wannan ciwon yaudara gare shi, sai an sa ido sosai. Shi ya sa na ce a gaggauta hoto."

Ba wanda ya yi motsi. Likitar ta ƙura wa takalminta ido.

Mai Hoto ya saki hannun Auta ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ba haka aka yi ba."

Har matar da ke gadon gefe ta daina tari.

"Cewa ka yi a sallame ta. Ita ce ta rubuta hoton, ita ta turo keken da hannunta, ita ta yi aikin kana wurin taro. A gaban mutane ka ci mata mutunci, ka ce tausayi ya kore mata karatu. Duk ɓangaren nan ba mai hannunta, kai ma ka sani. In za a rubuta rahoto, sunanta za a sa, in kuma an tambaye ni, haka zan faɗa ko a gaban wa."

Babban Likita ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ka same ni a ofis gobe," ya fice, tawagar ta bi shi.

Likitar ce ta ƙarshe. A bakin ƙofa ta waiwayo ta dube shi, idanunta cike da ƙwalla, shi ma ya dube ta. Ta fita da sauri.

Auta ta ga kallon. Ta ga duka.

Ya dawo ya durƙusa yana haki, ya nemi hannunta. Ta janye shi ta ɗora a kan ƙirjinta.

"Ashe ka iya," ta ce a hankali.

"Na iya me?"

"Ashe ka iya tsayawa a gaban Oga. Ashe kana da murya." Kowace kalma tana ja mata ɗinkin, amma ba ta tsaya ba. "Wata da watanni ina gaya maka cikina. Yau da safe na haɗa ka da girman Allah, ka ce ba ka iya tsallake shi. An kawo ni a keke ina mutuwa, ka ce Oga ya sani? Ni an ci nawa mutuncin a ofishinsa ba sau ɗaya ba, na zo na gaya maka, ka ce in yi haƙuri haka yake. Yau an taɓa nata sau ɗaya, ka ajiye aikinka a ƙasa."

"Auta, gaskiya na faɗa. Ita ta ceci ranki."

"Na sani. Ta cancanta, ko ni da zan iya tashi da na faɗa. Ba wannan na tambaye ka ba." Ta juyo da kanta a kan filo ta kalle shi sosai. "Me ya sa ba ka taɓa yi masa haka a kaina ba?"

Kafin ya sami abin faɗa, idanunsa suka kuɓuce masa, suka je ƙofar da likitar ta bi, suka dawo.

Auta ta gyaɗa kai, kamar wadda aka ba amsa.

"Hagu ta yi," ta ce. "In ka yi sauri za ka same ta."

Ta lumshe ido. Tana jin numfashinsa a gefen gadon, bai tashi ya bi ta ba, bai kuma sake neman hannunta ba.